Ciwon Wuya: Laifin Sunkuyo Ne Ko Na Daɗewa a Sunkuye?

Duk wanda ya leƙa shagon teloli ana saura mako guda a yi Salla, ko ya ratsa layin masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da la'asar sakaliya, zai lura hannu yana yawan komawa wuri ɗaya: dokin wuya. A damƙa, a murza, a karkata kai dama da hagu, sannan a koma kan aiki. Haka makitsiya take yi idan ta sallami kai na uku, haka mai POS, haka ɗalibar da ta kwana da littafi a kan katifa, haka ma'aikacin ofis da ya wuni yana kallon kwamfuta. In ka tambaya, amsoshin ba su da yawa: "Wuyana ne ya riƙe." "Kwanciya na yi ba daidai ba." "Sanyi ne ya shige ni." "Ina jin jinina ne ya hau." Ba kasafai za ka ji wanda ya ɗora laifin a kan yadda ya zauna tun hantsi ba, alhali sau da yawa a nan maganar take.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar cututtuka ta duniya da mujallar Lancet Rheumatology ta buga a 2024 ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 269 nan da 2050. Mata sun fi maza yawa a ciki. Ba wayar hannu ce ta kawo ciwon ba, ko da yake ta ƙara masa kasuwa. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi sukutum a kan cututtukan masu sana'a, ya kuma bayyana yadda teloli da masu ɗinkin takalmi ke ranƙwafewa saboda wuni a duƙe. Abin da ya canza shi ne, a da sana'a ce kaɗai ke sunkuyar da mutum, in ya tashi daga aiki sai ya miƙe. Yanzu tela yana sauka daga kan keke zai ciro waya, hutun ma a sunkuye ake yin sa.

Ƙashin wuya guda 7 ne, a jere ɗaya bisa ɗaya. Na farko shi ne kai ke zaune a kansa. Na biyu yana da ɗan tsini wanda na farkon ke juyawa a jikinsa, kuma kusan rabin waiwayen da mutum ke yi daga tsakanin waɗannan biyun yake fitowa. Daga na biyu zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da mai bi masa akwai faifai mai taushi da ke shanye nauyi da girgiza. Ta tsakiyar ƙasusuwan laka ta ratsa daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya, ta gefe kuma jijiyoyi 8 ke fita a kowane ɓangare, wasunsu su gangara kafaɗa da hannu har yatsu. Shi ya sa ciwon da tushensa ke wuya wani lokaci a ɗan yatsa ake jin sa. Tsoka ce ke riƙe da wannan gini duka: manya a baya, masu tasowa daga ƙeya su bazu a kafaɗu da tsakiyar baya, ƙanana a ƙarƙashin ƙoƙon kai, da wasu sirara can ciki ta gaba, waɗanda ba a ganin su ba a taɓa su, amma su ne ke hana haɓa zarcewa gaba.

Kan baligi yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Muddin kunne yana saitin kafaɗa, ƙashi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, tsoka gyara kawai take yi. Da zarar kai ya leƙa gaba, lissafi ya canza. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san wannan: in ka riƙe shi jikinka za ka kai shi nesa, in ka miƙe hannu da shi ba za ka cika minti guda ba kafaɗa za ta ɗauki zafi, alhali ruwan bai ƙaru ko ɗigo ba. A 2014 Kenneth Hansraj, likitan tiyatar ƙashin baya a New York, ya fitar da lissafin da ya zagaye duniya. A cewarsa, sunkuyon digiri 15 yana mai da nauyin da wuya ke ji ya zama kamar kilo 12, digiri 30 kilo 18, digiri 45 kilo 22, digiri 60 kuma kilo 27, wanda shi ne sunkuyon mai karanta saƙo da waya a kan cinya. A kwamfuta ya yi wannan lissafi, ba a jikin mutane ya auna ba, kuma adadin bai ce wuya zai lalace ba. Abin da ya tabbatar shi ne kowane ƙarin sunkuyo ƙarin aiki ne ga tsokar baya.

Ita kuwa tsoka ba ta gudun aiki. Abin da ba ta jurewa shi ne aikin da babu saki a cikinsa. Tsokar da ke damƙewa tana saki, irin ta mai tafiya ko mai daka, da kanta take tura jini ya zagaya. Wadda ta ɗaure a hali ɗaya na awa biyu kuwa tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Gajiya ta taru, a fara jin nauyi, sai zafi, sai wani ƙulli mai tauri tsakanin wuya da kafaɗa wanda in an danna shi ciwo ya harba zuwa kai.

Akwai wani zama da ya haɗa wannan duka, kuma ba daga wuya yake farawa ba, daga ƙugu ne. Mutum ya zauna a benci marar majingina, ƙugu ya zame, gadon baya ya lanƙwashe, kafaɗu suka zubo gaba. Da zai bar kansa ya bi sahu, ƙasa zai riƙa kallo. To amma yana son ganin fuskar kwamfuta ko hanya, dole ya ɗaga haɓa. Sai ƙasan wuya ya kasance a duƙe, samansa a ɗage, ƙananan tsokokin ƙeya a matse wuni guda. Daga nan ne ciwon kan nan yake tasowa, wanda ke farawa a ƙeya ya hau ta bayan kunne ya tsaya a bayan ido. Direban Adaidaita Sahu da ɗan acaɓa suna cikin wannan zama, ga ƙarin girgizar hanya da ramuka. Wanda ya tsaya gyaran wuya kaɗai ya bar ƙugu a zame bai taɓa tushen ba.

Har zuwa nan magana ta yi daidai da abin da aka saba ji. Sai dai da masu bincike suka je auna mutane na zahiri, sun tarar da abin da ya dagula ta. A birnin Perth na Ostareliya an ɗauki hoton zaman matasa 1,108 'yan shekara 17, aka kasa su gida huɗu gwargwadon yadda suke riƙe kai da baya. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna masu zama a ranƙwafe ba su fi masu zama a miƙe ciwon wuya ba. Da aka sake bibiyar su suna da shekara 22, sai aka ga a cikin mata, masu zama a sake sun fi samun sauƙi a kan masu zama ƙiƙam. A Brazil ma, binciken 2018 a kan matasa 150 masu shekara 18 zuwa 21 bai sami alaƙa tsakanin sunkuyon danna waya da ciwon wuya ba. A ɗaya ɓangaren, wani nazari na 2019 da ya tattara binciken da aka yi a baya ya sami alaƙar a jikin manya da tsofaffi: masu ciwon wuya sun fi leƙo da kai gaba. A jikin samari da 'yan mata ne ba a same ta ba. Ko a nan ma akwai tambaya, domin mai jin ciwo yakan canza zama saboda ciwon, don haka ba kullum ake sanin wanne ya riga wanne ba.

Binciken da ya fi haska mini al'amarin shi ne na ƙasar Holan da aka buga a 2001. An bi ma'aikata 1,334 tsawon shekara uku, an ɗauki bidiyon yadda suke aiki. Waɗanda ke shafe sama da kashi 95 cikin 100 na lokacin aikinsu a zaune sun ninka waɗanda ba su cika zama ba wajen kamuwa da ciwon wuya. An kuma ga alamar ƙarin haɗari ga masu sunkuyon da ya kai digiri 20 na sama da kashi 70 cikin 100 na wuninsu. A duba da kyau: duka ma'aunan nan biyu na lokaci ne. Hoto guda na yadda mutum ya zauna ba ya gaya maka komai, awa nawa ya yi a haka shi ne labarin. Saboda haka ni ban yarda da masu cewa sunkuyo shi kansa cuta ne ba. An halicci wuya ne don ya duƙa, ya ɗaga, ya waiwaya. Abin da ke cin sa shi ne a kafe shi wuri ɗaya, a duƙe ko a miƙe, yau da gobe, ba tare da an ba tsokar ƙarfin ɗaukar abin da aka ɗora mata ba. Yau da gobe kuwa ta fi ƙarfin wasa.

Wannan bambanci yana da amfani, domin tsoratarwa ma tana da nata lahani. Wanda aka gaya wa cewa wayarsa tana ragargaza masa ƙashi yakan koma zama a sandare, kafaɗu a ɗage, yana tsoron motsi, kuma wannan sabon nau'in kafewa ne. Ga kuma damuwa. Bincike da yawa sun nuna matsin aiki, rashin barci da ƙuncin zuciya suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa ciwon wuya da hana shi warkewa. Ba abin mamaki ba ne. Telan da ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, masu kaya suna ta kira, wuta tana ɗaukewa, kafaɗunsa suna kusa da kunnuwansa tun kafin ya taka keke. Jiki magayi.

A sana'o'inmu kusan duk aikin hannu a ƙasa yake, ko a kan cinya. Mai ɗinkin hula yana zaune a zaure ko a tsakar gida, hula a gwiwa, yana ƙirga zare ɗaya bayan ɗaya, kuma gwargwadon ƙanƙantar zanen da ƙarancin haske gwargwadon yadda fuska ke matsawa kusa. Mai rubutun allo haka, baduku haka, mai tsintar shinkafa haka. Makitsiya nata ya ninka, domin ban da sunkuyo hannuwanta a sama suke ba majingina, tsokar kafaɗa ce ke ɗauke da su awa uku ko huɗu. Wadda ake yi wa kitson ma ba ta tsira ba, an karkatar mata da kai gefe guda an ce kada ta motsa. Waɗannan mutane ba za a ce musu su sayi kujerar ofis mai juyawa ba, ba kuma za a ce su bar abin da ke ciyar da su ba. Shawarar da ba ta shiga shagon tela ba ta da amfani a wurinmu.

Sai ɗaukar kaya a ka, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Babu mai tafiya a miƙe kamar yarinyar da ke ɗauke da ruwa, ko ɗan dako a kasuwar Singa ko Dawanau. In da miƙewa kaɗai ce lafiyar wuya, da sun fi kowa lafiya. Amma jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ninki biyar na nauyin kan da aka ɗora ta a kai, kuma duk nauyin ta faifan wuya yake bi. Gammo yana kare fatar kai ya baza nauyin a kan ƙoƙo, ba ya rage ko kilo guda. A wani bincike da aka buga a 1997, an ɗauki hoton wuyan masu ɗaukar kaya a ka su 35 aka gwada da na wasu 35 da ba sa yi. Kusan 9 cikin 10 na masu ɗaukar kayan suna da alamun zaizayewar ƙashi, a ɗaya rukunin kuwa kamar 2 cikin 10. 'Yan matan arewacin Ghana masu dako a kasuwannin Accra da Kumasi, da namu masu talla da ɗiban ruwa, suna fara wannan ne tun ƙashi bai gama ƙwari ba. Inda baro ko kura za ta shiga, a bar mata kayan. Inda ba hali, a raba kayan gida biyu a yi sawu biyu, a nemi mai ɗorawa da mai saukewa, kuma kada a waiwaya da kaya a ka, a juya da jiki gaba ɗaya. Babban haɗarin yana wajen ɗorawa, da saukewa, da tuntuɓe.

Dare ma yana da nasa rabo. Mai kwanciya rub da ciki dole ya murɗa kai gefe guda don ya yi numfashi, ya kwana a haka. Mai tara filo biyu ko uku yana kallon waya a rigingine ya sunkuya ne a kwance. Ka'idar matashin kai mai sauƙi ce: in a gefe kake kwana, ya cike tazarar da ke tsakanin kunne da katifa yadda kai ba zai rinjaya sama ko ƙasa ba; in a rigingine ne, ya zama siriri, ya tallafi kwarin wuya. Zani ko tawul da aka naɗe yana yin wannan aiki.

Rigakafin farko shi ne katse zama. Duk minti 20 zuwa 30 a ɗaga kai, a kalli nesa, a waiwaya dama da hagu a hankali, a juya kafaɗu baya, in da hali a miƙe tsaye a taka. Rabin minti ya isa. Ba sai an kafa agogo ba, a ɗaura abin a jikin aikin: tela duk sanda ya gama hannun riga ko zai canza zare, makitsiya duk layi uku, mai POS duk sanda ya sallami mutum, ɗalibi duk shafi biyu. Tashi zuwa salla hutu ne na gaske ga jiki, ga alwala, ga tafiya zuwa masallaci, ga ruku'u da sujada da sallama. Sai dai tsakanin hantsi da azahar akwai awa huɗu ko biyar, tsoka kuma ba ta iya jira haka.

Na biyu, a ɗago aikin zuwa ido maimakon a kai ido wurin aikin. Mai ɗinkin hula ya ɗora matashi a cinya, ya jingina bayansa da bango. Mai gyaran waya ya ƙara wa teburinsa tsayi ko da da bulo ne, ya sami gilashin ƙara girma. Makitsiya ta zauna inda kan da take yi zai zo mata saitin ƙirji, ta riƙa juya wadda take yi wa kitson maimakon ita ta riƙa lanƙwasa. Mai kwamfuta ya sa saman fuskarta daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisan kamu guda na hannu, gwiwar hannu a kusa da jiki, ƙafa a ƙasa, ƙugu can cikin kujera da ɗan matashi a kwarin baya. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da aibi a ƙirarta: in fuskarta ta yi daidai da ido, madannanta sun yi wa hannu sama, in madannan sun yi daidai, fuskar ta yi ƙasa. Wanda ke wuni a kanta ya ɗora ta a kan littattafai ya sayi madannai na daban. Waya kuma a ɗago ta zuwa ƙirji ko sama, a tokare gwiwar hannu da teburi ko da ɗaya hannun. Maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana girki ko ana rubutu yana cikin mafi munin abin da ake yi wa wuya, a buɗe sifika ya fi.

Akwai abin da ake yawan mantawa: ido ne ke jan wuya. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa. Dattijon tela da ke cusa fuska a allura, ko malamin da ke leƙa rubutu, mai yiwuwa tabarau yake buƙata da fitila mai haske, ba maganin wuya ba.

Na uku shi ne ƙarfafa tsoka, kuma a nan ne hujja ta fi ƙarfi. A Denmark an gwada ma'aikata 198 masu yawan ciwon wuya da kafaɗa, aka buga sakamakon a 2011. Wasu an ba su atisayen minti 12 a rana, wasu minti 2 kacal, kwana biyar a mako har mako 10, da igiyar roba suna ɗaga hannuwa gefe zuwa saitin kafaɗa. Duka rukunan biyu ciwonsu ya ragu a fili, kuma masu minti 2 ba su yi nisa da masu minti 12 ba. Wanda ba shi da igiyar roba, gorar ruwa biyu ta wadatar. A haɗa da jan haɓa: a zauna a miƙe, ido na kallon gaba, a ja haɓa baya ba tare da an duƙar da kai ba, a riƙe daƙiƙa 5, a saki, sau 10. Wannan shi ke tayar da siraran tsokokin nan na ciki. Sai matse allunan kafaɗa biyu su kusanci juna, a riƙe, a saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako da atisayen ƙarfi sau biyu, kuma tafiyar ƙafa mai ɗan sauri tana cikin lissafi.

Ina da magana ta musamman ga iyayen gida a shaguna. Yaron shago shi ake ba kujera mafi gajarta da lungu mafi duhu, shi ke wuni a kan kalmasa da sa maɓalli, kuma ba ya iya cewa ya gaji. Abin da jikinsa ya saba da shi yana ɗan shekara 13 da shi zai girma. Maigidan da ya ɗaga masa teburi, ya ƙara ƙwan fitila, ya riƙa cewa "kai yaro, tashi ka miƙe," ya koya masa rabin sana'ar da ba a cika koyarwa ba. Haka iyaye da malaman makaranta game da yaran da ke rubutu a ƙasa ko a kan gwiwa.

In ciwon ya riga ya zo, galibi yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Gashi da ruwan ɗumi da tawul yana sassauta tsoka, tausa mai sauƙi ma haka. A ci gaba da motsi gwargwadon abin da za a iya jurewa, domin kwanciya da ɗaure wuya da abin tallafi na tsawon kwanaki suna ƙara sagewa ne. Inda nake da damuwa shi ne kemis. Diclofenac da ibuprofen suna rage ciwo, amma shan su kullum, musamman a haɗe ko ba abinci a ciki, yana jawo gyambon ciki yana taɓa ƙoda. Haɗin nan na ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙullewa a leda a miƙa wa mai ciwon jiki, mai sha bai san abin da ke ciki ba. Tramadol kuwa ya jefa matasa masu aikin ƙarfi da yawa cikin jaraba, daga neman sauƙin ciwo aka fara. Ƙwaya tana kashe ƙarar ne, aikin da ya jawo ciwon yana nan. Kuma kada a bar wani ya fizgi wuya ya murɗa don ya yi ƙara, ko a wurin aski ko a wurin tausa. Ta cikin ƙasusuwan wuya hanyoyin jini ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ko da yake ba kasafai ake samu ba, murɗa mai ƙarfi tana iya yaga su ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ciwon da ya wuce mako huɗu zuwa shida, ko yake tafiya yana dawowa, aikin likitocin gashi ne, waɗanda ake kira fisiyo. Akwai su a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa.

Mutane da yawa suna matsa wa likita a yi musu hoto, in ya fito kuma hankalinsu ya tashi. A Japan an yi wa mutum 1,211 da ba su da wani ciwo hoton MRI na wuya, aka buga a 2015. Kusan kashi 88 cikin 100 an ga faifansu ya ɗan bultso, har da mafi yawan 'yan shekara ashirin da wani abu. Ma'ana, abin da hoto ya nuna sau da yawa alamar shekaru ce kawai. Likita yana haɗa hoton ne da abin da ya gani a jiki kafin ya yanke hukunci.

Game da hawan jini: mafi yawan lokaci ba ya zuwa da wata alama ko kaɗan. Wanda ƙeyarsa ke ciwo yana iya kasancewa jininsa lafiya lau, wanda ba ya jin komai kuma nasa ya yi sama. Awo ne kaɗai ke rabewa. Kada a sha maganin hawan jini na wani saboda ƙeya ta yi nauyi, kada kuma mai hawan jini ya ajiye nasa saboda wuya ya saki.

Akwai dai ciwon wuyan da ba na zama ba ne, kuma ba a yi masa gashi a jira. Wanda ya faɗi daga babur ko ya yi haɗarin mota yana kukan wuya, kada a ɗaga shi a lanƙwashe ko a kai shi wurin ɗori, a tallafe kai da wuya a miƙe zuwa asibiti. Ciwon da ke harbawa hannu tare da raunin hannun ko mutuwar yatsu, ko mutum ya fara kasa sa maɓalli, abu na suɓuce masa, ƙafafu na harɗewa, ko fitsari ya fara ƙwace masa, alama ce an danne jijiya ko laka. Ciwon da ke tare da rama, zufar dare da zazzaɓi mai daɗewa yana iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashi. Ciwon da ya haɗa ƙirji, muƙamuƙi da hannun hagu tare da zufa da sarƙewar numfashi na zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Sai sanƙarau, wanda arewacin Najeriya da Nijar suka san shi sarai, daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. A 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000. Duk wanda wuyansa ya sandare har haɓa ba ta iya taɓa ƙirji, ga zazzaɓi mai zafi, ga ciwon kai da amai, ko haske na damun idonsa, ko ya fara ruɗewa, babba ne ko yaro, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.